Jagora ga Sabon Ma'aikacin Gudanarwa a Ofishin Sashe na Jami'a

Wanda aka ɗauka aikin gudanarwa a jami'a, aka tura shi wani sashe ko wata tsangaya, yakan iske tebur da kujera da kabad cike da fayiloli, amma ba kasafai yake samun wanda zai zaunar da shi ya ce masa ga yadda aikin yake ba. Shugaban sashe malami ne, yana da aji, yana da ɗaliban da yake duba wa bincike, kuma a jami'o'i da yawa wa'adinsa shekara biyu ne, ya sauka wani ya hau. Ɗalibai su shigo su fita. Abin da ke zama daram a sashe shi ne takarda, kai kuma dominta aka ajiye ka. Ba kai ke ba da maki ba, ba kai ke yanke hukunci ba. Naka shi ne duk hukuncin da aka yanke ya isa inda ya kamata a kan lokaci, kuma in an neme shi bayan shekara goma a same shi. Abin da ke tafe ya fi shafar jami'o'in Nijeriya, amma mai aiki a kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha zai ga yawancinsa ya zo daidai da nasa.

Mataki na farko: san gidan da ka shiga

Iyayen gidanka biyu ne, kuma gara ka fahimci haka tun ranar farko. Aikin yau da kullum shugaban sashe ne ke ba ka, amma kai ma'aikacin Rajistara ne. Shi ya turo ka, ofishinsa ke riƙe da fayil ɗinka, can ake duba ƙarin girmanka, kuma yana iya ɗauke ka gobe ya kai ka ofishin ɗaukar ɗalibai ko na harkokin ma'aikata. Tsanin da ake hawa sananne ne: daga mataimakin jami'in gudanarwa zuwa jami'in gudanarwa, sai mataimakin rajistara da matakansa na babba da na ƙoli, sai muƙaddashin rajistara, sannan Rajistara kansa, wanda shi ne sakataren hukumar gudanarwar jami'a da na Majalisar Dattawanta, wato majalisar jami'ar da ke yanke hukunci kan harkokin karatu. A tsangaya, jami'in tsangaya ne sakataren taronta. Ka je ka gaishe shi a makon farko, domin rabin takardunka ta teburinsa za su bi.

Sai karatu. Ka nemi kundin dokokin karatu da jarrabawa na jami'arka, da littafin jagoran ɗalibai na sashe, da kundin sharuɗɗan aikin ma'aikata. Ka karanta su da biro a hannu. Yawancin tambayoyin da za a yi maka a bakin taga amsarsu tana cikin littattafan nan, kuma ma'aikacin da ke iya buɗe shafi ya nuna wa ɗalibi doka ya huta da gardama. Abin da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba lallai ya zama shi ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba, ko da yake dukkansu suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Saboda haka kada ka yi aiki da abin da ka sani lokacin kana ɗalibi a wani wuri.

Mataki na biyu: littafin shige da fice

Kafin kwamfuta, kafin komai, ka tanadi manyan littattafai biyu masu kaurin bango: ɗaya na takardun da suka shigo, ɗaya na waɗanda suka fita. Duk takardar da ta shigo a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, a rubuta daga inda ta fito, abin da ta ƙunsa a taƙaice, da wanda aka miƙa wa. Wadda za ta fita kuwa, masinja ya tafi da littafin, wanda ya karɓa ya sa hannu ya rubuta sunansa da rana. Ko ofishin da ke maƙwabtaka da naku za a kai ta, a sa hannu. Wasu na ganin wannan tsohon yayi ne tunda akwai WhatsApp da imel. A ganina kuskure ne. Ranar da takardar neman jingine karatu ta wata ɗaliba ta ɓace tsakanin sashe da tsangaya, aka rubuta mata faɗuwa a duk kwasa-kwasan zangon, ba hoton da ke wayar wani za a tambaya ba. Za a ce wa ya karɓa, yaushe, ina sa hannunsa.

Takarda a jami'a ba ta tsallake matakala. Ɗalibin da zai rubuta wa Rajistara sai ta hannun shugaban sashe, sannan ta hannun shugaban tsangaya, kowanne ya yi sharhinsa ya sa hannu. Idan ka ga takarda ta zo babu wannan jeri a samanta, ka mayar wa mai ita ya gyara nan take, ya fi a ce ta yi mako uku tana yawo sannan a dawo da ita.

Kowane ɗalibi da fayil ɗinsa, a jera su bisa lambar rajista, ba bisa suna ba, domin a aji ɗaya kana iya samun masu suna iri ɗaya har da sunan uba. A ciki a sami takardar shiga jami'a ta JAMB da ta jami'ar, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da fom ɗin rajistar kwas na kowane zango. A bangon kowane fayil na sashe ka rubuta shekarar karatu ɓaro-ɓaro. Yajin aikin malamai na 2020, wanda ya haɗu da kullen korona, da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun sa shekarar karatu ta daina tafiya tare da shekarar kalanda a jami'o'in gwamnati da yawa. Jarrabawar da aka yi a wata shekara tana iya zama ta shekarar karatun da ta gabace ta. Wanda ya dogara da kwanan wata kaɗai zai sa takarda a fayil ɗin da ba nata ba.

Fayiloli kada su taɓa ƙasa, saboda gara da ɗigon damina. Abin da ke kwamfuta kuma a kwafe shi a wuri na biyu duk ƙarshen mako, a ajiye a wani ɗaki daban.

Mataki na uku: rajistar zango

Da zarar Majalisar Dattawa ta amince da kalandar shekara, ka manna ta a bango inda idonka zai riƙa faɗawa, ka ja layi a ƙarƙashin ranakun rufewa: rufe rajista, rufe rajistar makara, rufe ƙari da ragin kwas, miƙa tambayoyin jarrabawa, miƙa maki. Mako biyu kafin kowace rana ka tuna wa shugaban sashe a rubuce.

Yanzu ɗalibai a shafin jami'a na intanet suke rajista, su biya kuɗi, su buga fom su kawo wa kodinetan ajinsu ya sa hannu. Kai abin da za ka duba kafin fom ya shiga fayil guda uku ne. Shin adadin yunit ɗin da ɗalibi ya ɗauka, wato jimillar nauyin kwasa-kwasansa, yana tsakanin mafi ƙaranci da mafi yawan da aka yarda? Ma'aunin da aka fi bi shi ne 15 zuwa 24 a zango. Shin ya fara sa kwasa-kwasan da ya faɗi, waɗanda ɗalibai ke kira kari-oba, kafin sababbi? Shin lambar kowane kwas daidai take? Wannan na ƙarshen ya ƙara nauyi tun da NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a Disambar 2022, wadda a cikinta hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Lambobi da sunayen kwasa-kwasai da yawa sun canza, har aka wayi gari a sashe ɗaya 'yan manyan azuzuwa na kan tsohon tsari, na ƙasa na kan sabo. Ka roƙi shugaban sashe ya amince da jadawali guda mai nuna wane tsohon kwas ne ya yi daidai da wane sabo, ka ajiye shi a kusa.

Ɗalibin da ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba ya yi aikin banza, wanda kuma ya yi rajista bai zauna ba za a rubuta masa faɗuwa. Ka riƙa faɗa musu wannan tun suna aji ɗaya.

Mataki na huɗu: taro

Sanarwar taro ta fita da wuri, tare da ajanda da rahoton taron baya. Ranar taro ka riga kowa zuwa da takardar sa hannun mahalarta, ka tabbatar adadin da doka ta nema ya cika, in ba haka ba duk abin da aka zartar ana iya rushe shi.

Rubuta rahoton taro fasaha ce da ake koya a hankali. Ba a rubuta cewa Furofesa wane ya fusata ko Dakta wance ta mayar masa da martani. Ana rubuta batun da aka gabatar, muhimman abubuwan da taro ya lura da su, abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aiwatarwa. Idan aka yi ta muhawara har ka kasa gane matsayar da aka tsaya a kai, ka raɗa wa shugaban taro ya maimaita ta kafin a wuce. Ka rubuta rahoton cikin kwana biyu tun abin yana sabo a kanka, sannan ka ciro kowane hukunci ka aika wa wanda ya shafa a takarda daban. Hukuncin da ya kwanta a cikin rahoto ba a isar da shi ba, kamar ba a yi shi ba ne.

Mataki na biyar: jarrabawa da sakamako

Nan ne aikin ya fi nauyi, nan ne kuma ake rasa aiki. Sashe yana da jami'in jarrabawa, malami ne, kuma alhakin tambayoyi da maki a wuyansa yake. Kai mai taimaka masa ne. Ka san iyakarka, ka tsaya a kanta.

Idan aka ba ka buga tambayoyi, a yi shi a ɗaki rufe, a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, malamin kwas ko jami'in jarrabawa yana tsaye. Takardun da suka lalace wajen bugawa a ƙone su ko a yayyaga su a gabansa, kada a jefa a kwandon shara. A ƙirga, a sa a ambulan, a manne, a sa hannu a kan mannin. Kada ka yarda tambayoyi su kwana a filashinka ko a wayarka. In ma kana da ɗa ko ƙani a sashen, ka faɗa wa shugaban sashe a rubuce a cire hannunka daga kwasa-kwasansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ko ba ka yi komai ba, zargi kaɗai ya isa ya ɓata maka suna.

Bayan kowace jarrabawa, adadin takardun amsa ya yi daidai da adadin waɗanda suka sa hannu a takardar halarta. A ƙirga a gaban mai sa ido kafin ya tafi. Malamin da zai ɗauki takardu ya je ya duba, ya sa hannu a kan adadin da ya ɗauka, ya sake sa hannu ranar da ya dawo da su. Yawancin abin da ɗalibai ke kuka da shi na ɓatan sakamako daga wannan gaɓar yake farawa, ko daga lambar rajista da aka rubuta ba daidai ba. Idan aka kama ɗalibi da satar amsa, fom ɗin da mai sa ido ya cike, da bayanin ɗalibin da hannunsa, da abin da aka kama shi da shi, a haɗa su wuri guda a aika wa kwamitin da ke bincike a ranar, ta cikin littafin fice.

Ko da na'ura ce ke lissafin matsakaicin makin ɗalibi, dole ka iya yin sa da hannu, domin ka gane in ta yi kuskure. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, 70 zuwa 100 A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, abin da ya gaza 40 kuma F, ba ta da komai. Wasu jami'o'i da wasu fannoni, musamman likitanci, suna da nasu makin cin jarrabawa, don haka ka duba kundinku. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. A ce ɗalibi ya ɗauki kwas huɗu: mai yunit 3 ya ci A, ya sami 15, wani mai yunit 3 ya ci B, 12, mai yunit 2 ya ci C, 6, mai yunit 2 ya faɗi, sifili. Jimilla 33, a raba da yunit 10, ya tashi da 3.30. Lura cewa yunit ɗin kwas ɗin da ya faɗi yana cikin abin da aka raba da shi. Nan ne masu sabon hannu suke zamewa. Irin wannan lissafi a kan kwasa-kwasan duk zangunan da ya yi a haɗe shi ke nuna ajin digirinsa: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Ka ga ke nan tsakanin 3.49 da 3.50 akwai rayuwar mutum. Maki ɗaya da aka buga ba daidai ba a aji biyu yana iya sauke shi daga wannan daraja zuwa waccan.

Sakamako yana da hanyarsa: daga malami zuwa jami'in jarrabawa, zuwa taron sashe, zuwa taron tsangaya, sannan Majalisar Dattawa, galibi bayan wani kwamitinta ya tace shi. Na 'yan ajin ƙarshe sai mai jarrabawa na waje, wato malamin da aka gayyato daga wata jami'a, ya duba. Kafin Majalisa ta amince, ba sakamako ba ne, daftari ne. Kada ka leƙa wa kowa, ko da ɗan maƙwabcinka ne, ko da cewa za ka yi “kwantar da hankalinka, ka ci.” Taro na iya canza abin da ka gani.

Gyaran maki kuma ba a yin sa da baki. Malami, komai girmansa, in ya leƙo ya ce a canza wa wane maki, amsarka cikin ladabi ita ce: “Ranka ya daɗe, a taimaka mini da shi a rubuce ta hannun shugaban sashe, yanzu zan shigar.” Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A haɗa takardar amsa ta asali da fom ɗin gyara, a bi da su hanyar da sakamakon farko ya bi.

Mataki na shida: masu kammalawa

Kada ka jira ajin ƙarshe. Tun ɗalibai suna aji uku ka fara bin fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya: duk kwasa-kwasan dole an ci su? Na nazarin bai-ɗaya fa? Sakamakon koyon aiki a masana'antu, ga fannonin da ke yin sa, ya shigo? Akwai kuma iyakar shekarun da ɗalibi zai iya yi, wanda a ƙa'idar da aka fi bi karatun shekara huɗu ba ya wuce shida. Wanda ke dab da iyakar a sanar da shi da kodinetansa a rubuce.

Sai matsalar suna, wadda ta addabi ɗalibanmu na Arewa ƙwarai. Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a ta WAEC. A wata takardar an sa sunan gari a ƙarshe, a wata babu. A wata sunan kaka ya shigo, ko an juya sunan uba ya koma gaba. Ranar haihuwa ma takan bambanta. Duk wannan ba ya damun kowa sai lokacin tafiya bautar ƙasa, inda hukumar NYSC ke karɓar jerin sunayen da Majalisar Dattawa ta amince da su, ana kuma gwada su da bayanan JAMB. Wanda sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta san da shigarsu, ko lambarsa ta saɓa, sai ya ga abokansa sun tafi sansani shi yana gida. Ranar haihuwa kuma ita ke raba wanda zai tafi da wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa, wanda takardar yafewa ake ba shi. Ka fitar da jerin sunaye da lambobi da ranakun haihuwa, ka manna a allo, kowane ɗalibi ya duba nasa ya sa hannu kafin a aika. Gyaran da zai ɗauki kwana biyu a aji ɗaya yana iya cin shekara bayan kammalawa.

Mataki na bakwai: zuwan masu tantancewa

NUC tana turo tawaga ta tantance kowane fannin digiri. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, fannin da aka hana kuwa ba zai ɗauki sababbin ɗalibai ba. Za su nemi jerin malamai da takardunsu, tsofaffin tambayoyi da tsarin ba da makinsu, samfurin takardun amsa, rahotannin mai jarrabawa na waje, rahotannin taron sashe, kundayen binciken ɗalibai, da ƙididdigar ɗalibai aji-aji. Sashen da ke ajiye waɗannan duk zango, shirinsa na mako guda ne. Wanda bai ajiye ba shi ne za ka ga ana kwana a ofis da janareta. Ka buɗe kwali guda tun yau, duk ƙarshen zango ka zuba kwafin kowanne a ciki.

Mutanen da ke bakin taga

Ɗalibin da ya zo yana ɗaga murya yawanci tsoro ne ke cinsa. Ka saurare shi, ka rubuta lambarsa da matsalarsa, ka faɗa masa ranar da zai dawo, ranar kuma ta zama gaskiya. “Dawo gobe” da ba ta da ƙarshe ita ta ɓata sunan ofisoshinmu. In abin ba a hannunka yake ba, ka faɗa masa ofishin da zai je da takardar da zai riƙe.

Iyaye za su zo, wani da rawani, wani da kaki, suna son ganin sakamakon 'ya'yansu. A karɓe su da girmamawa, a ba su kujera, a kai su wurin shugaban sashe. Bayanan ɗalibi amana ne, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Hotunan takardar maki ba su da wuri a zauren WhatsApp. Na goro kuma, ko da bayan an gama aiki aka kawo shi da sunan godiya, ka mayar da shi da fara'a. Wanda ya ba ka yau shi zai zo da buƙatar da ba za ka iya yi ba gobe.

Ranar da aka canza maka wurin aiki

Takardar canji takan zo ba sanarwa, don haka ka riƙa sabunta takardar miƙa aiki duk ƙarshen zango. A cikinta ka jera fayilolin da ke hannunka da inda kowanne yake, makullai da hatimai, kayan ofis da lambobinsu, takardun da suka fita ba a sami amsarsu ba tare da ranar da suka fita, ɗaliban da ke da matsalar da ba a warware ba da matakin da kowacce ta kai, da ranakun rufewa da ke tafe. Kalmomin sirri na kwamfuta da na shafin jami'a kada ka rubuta su a ciki. Ka sa sashen fasahar sadarwa ya rufe naka ya buɗe wa magajinka nasa, domin duk abin da aka shigar da sunanka bayan tafiyarka kai za a tambaya. Ku zauna da shi ku bi takardar layi-layi, ku sa hannu ku biyu, shugaban sashe ya sa na uku. Kwafi ɗaya a fayil ɗin sashe, ɗaya zuwa ofishin Rajistara, ɗaya ka tafi da shi.